Ƙotar Bindigar Alhaji: Cinikin da Aka Fara Ba a Yanke Farashi Ba

A ƙarshen hunturun 2024 ƙotar bindigar wani dattijo ɗan kasuwa, mazaunin cikin badala, ta tsage. Bindigar mai baki biyu ce, ƙirar Italiya. Ya saye ta tun shekarun 1980, lokacin da yake fita harbin zabi da fakara tare da abokansa a dazukan kudancin Kano, kuma takardunta suna hannunsa. Tsagin ya faro ne daga wuyan ƙota, wurin nan siriri da hannun dama yake damƙa a bayan kunama, ya bi jikin itacen kusan taƙi guda. Bindigar da wuyanta ya tsage ba a sake harba ta, domin duk ƙarfin da take dukan kafaɗa da shi ta nan yake bi.

Ni maƙwabcin Alhaji ne, kuma ina cikin waɗanda suka zauna aka sasanta saɓanin da ya biyo baya, shi ya sa na san lissafin. Ba zan kama sunan kowa ba. Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta shi ne, cinikin ya fito da wata matsala da ta addabi masu aikin hannu a garin nan, ba masu sassaƙa ƙota kaɗai ba.

Dalilin tsagewar ba wani abin mamaki ba ne. Itace yana shan laima da damina ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta zuƙe shi ya motse, kuma wannan ƙotar ta yi kusan shekara 40 a cikin wannan hali. Ga shi Alhaji a tsaye yake jingine ta a lungun ɗaki, baki sama, don haka man da ake shafa wa ƙarfe yana gangarowa a hankali yana shiga kan itacen. Da aka kwance ta, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi har farce yana shiga.

Farashin da aka gani a waya

Ɗan Alhaji ne ya fara bincike. Ya shiga intanet, ya dawo da farashi kala-kala, ya baje wa mahaifinsa a zaure. A nan muka ga cewa ƙota kanta kasuwa ce mai hawa-hawa a ƙasashen da harbi yake wasa da sana'a.

A ƙasa akwai ta falle-fallen katako da aka manne da gam aka matse, irin wadda kamfanin Boyds na Amurka yake yi, wajen dala 200, sama ko ƙasa kaɗan. Sama da ita akwai ta zaren gilashi da zaren kabon, irin ta McMillan da Manners, wadda take farawa daga wajen dala 600 ta haura 1,000. Akwai kuma ta alminiyam irin ta kamfanin MDT na Kanada, wadda masu gasar harbin nesa suke so. Waɗannan galibi an yi su ne don bindiga mai harsashi ɗaya da ake auna abu daga nesa da ita. Masu sayensu kwanciyar hankali suke biya: ba ruwansu da damina ko hunturu, ba sa motsi, saboda haka inda bindiga ta harba jiya nan za ta harba gobe. Madubin hangen nesa da ake ɗora musu, na Zeiss ko Swarovski, sau da yawa ya fi bindigar tsada.

Ta Alhaji ba ta cikin wannan layi. Irin tata ta itacen walnat ce, kuma a nan ne farashi yake rasa iyaka. Mafi daraja yana fitowa daga Turkiyya da yankin Kokesas, daga gindin tsofaffin bishiyoyi, inda zanen itacen yake murɗewa. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a shafe bakinsa da kakin zuma ko makamancinsa don kada ya tsage, a ajiye shi shekaru yana bushewa. Gunduwa ɗaya mai zane na musamman tana kaiwa dubban daloli tun ba a sa mata wuƙa ba. Gidajen London irin su Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835, suna auna mai saye kafin su fara, kuma bindigarsu sabuwa tana wuce fam 100,000, a jira ta shekara ɗaya da rabi ko biyu. Beretta ta Italiya kuwa tun 1526 take wannan sana'a.

Wadda ta yi kama da ta Alhaji, ta walnat matsakaiciya da inji ya riga ya fafe ta rabi, dala 450 aka sa mata. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, a kasuwar 'yan canji ta Wapa ma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ko a kan 1,500 aka yi lissafi, kuɗin ya kama naira 675,000, ban da dako, ban da kwastam. Da a farkon 2023 ne, lokacin da dala take wajen 750 a hannun 'yan canji, rabin haka za a biya. Itacen bai canza ba. Sakin naira da Babban Banki ya yi a watan Yunin 2023 ne ya ninka shi.

Abin da na lura da shi a ranar, Alhaji bai ce kuɗin ya yi yawa ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai kayan Turawa ne." A riƙe wannan maganar, don za ta dawo.

Inda doka ta tare hanya

Maganar odar ba ta je ko'ina ba. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin na farauta, da suke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigogin toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda lasisinsu yake hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta ɗauki sassan bindiga a matsayin bindiga, don haka shigo da su yana buƙatar izni, gyaransu ma haka. Kayan tsaro da dama kuma ba sa wucewa tasha sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Ba a banza aka tsaurara ba. A watan Janairun 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas, a Yulin 2024 kuma suka nuna 844 da suka kama a tashar Onne ta jihar Ribas. A ƙasar da take fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, ba wanda zai ga laifin jami'in da ya ga sashen bindiga a kwali ya riƙe shi. Ni ma ban ga laifinsa ba. Sai dai hakan yana nufin dala 450 ɗin nan farashin kallo ne kawai ga mutumin Kano. Kamfanonin da yawa ma ba sa aiko irin waɗannan kaya Najeriya.

Ko da ta iso, da sauran aiki. Ƙotar da inji ya fafe rabi sai an zauna an daidaita ta da ƙarfen da hannu. Ko ta wace hanya aka bi, sai an nemi gwani.

Masassaƙin

Wani dillali da Alhaji ya sani a Kurmi ne ya kai shi. Mutumin ya haura shekara 60, gadon sassaƙa ya yi, kuma yana aikin ƙota ne a ƙarƙashin wani mai gyaran bindigogin farauta da yake da izni. Abu na farko da ya tambaya takarda ce. Sai da ya gan ta, ya gwada lambar da ke jikinta da ta ƙarfen, sannan ya taɓa bindigar.

Daga nan aka shiga maganar itace. Kanya, wadda magabata suke yi wa bindigar toka ƙota da ita, ta yi nauyi ga wannan. Ƙirya ta fi ta nauyi, ta turmi ce da gawayin maƙera. Maɗaci yana da sauƙin aiki, amma ya ce bai yarda da shi a wuya ba. Madobiya kyakkyawa ce, sai dai tun da aka yi ta kwasarta zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take kula da cinikinsu a 2017, mai kyau ta yi wuya. Ya shiga ciki ya zaro wata gunduwar mansoniya daga saman rufi, itacen kurmin kudu mai launin toka-toka da ruwan ƙasa, wanda ake amfani da shi a madadin walnat. Ya ce a 'Yan Katako na Na'ibawa ya zaɓe ta shekara shida da suka wuce. Ya ɗan jiƙa gefenta da ruwa, ya nuna wa Alhaji yadda jijiyar itacen ta miƙe sambal a daidai inda wuya zai faɗo. Ya ce kyan zane na ido ne, amma idan jijiya ta gitta a wuya, ƙota ba ta yin shekara goma.

Ya sa Alhaji ya tashi tsaye, ya rufe ido, ya ɗaga tsohuwar bindigar zuwa kafaɗa, sannan ya buɗe. Ya maimaita masa. Ya auna daga kunama zuwa kafaɗa, ya duba inda kunci yake kwanciya. Ya ce tsohuwar ƙotar ta yi masa tsayi da kusan yatsa guda, kuma tun asali haka take. Bambancin rigar kanti da wadda tela ya auna ka ya ɗinka ke nan, kuma shi ne ainihin abin da masu zuwa London suke biya.

A nan ne aka yi kuskuren da ya jawo komai. Alhaji ya ce, "To Malam, nawa za a ba ka?"

Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Tsakanina da kai? Bari a gama tukuna, ba za mu ɓata ba."

Alhaji ya ba da naira 50,000 kafin alƙalami, aka yi sallama. Kowa ya tafi da nasa lissafin a ciki.

Na je wurin yana tsakiyar aiki, kuma abin da na gani shi ya tsayar mini da ra'ayi. Ya kunna fitilar aci-balbal, yana riƙe ƙarfen bindigar a kan harshen wutar har ya yi baƙin hayaƙi. Sai ya danna shi a cikin itacen a hankali, ya zare. Duk inda baƙin ya taɓa, nan ne itace ya yi tudu. Ya ɗauki wata 'yar kurfi da ya ƙera da kansa, ya kankare wurin, abin da yake fita bai fi ɓawon albasa kauri ba. Ya sake turara ƙarfen, ya sake dannawa. Haka yake yi tun safe har la'asar, kwana da kwanaki, sai ƙarfe da itace sun haɗu ko'ina babu inda iska za ta shiga. Idan aka bar gibi, duk harbi ƙarfen zai riƙa dukan wuri ɗaya, a koma gidan jiya. Bayan wannan akwai siffantawa da magagari, da gugar samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, da zanen layuka masu gitta juna a wurin riƙo, layi kusan 20 a kowane inci, kowane layi da hannu. Kuskure ɗaya a nan ba ya gyaruwa. Sannan mai: a shafa da tafin hannu, a bari ya sha, a goge, a sake, har makonni.

Aikin ya ci wata biyu.

Ranar karɓa

Ranar da aka kawo, Alhaji ya ɗaga ta kafaɗa ya yi ta sa albarka. Da aka zo kuɗi, masassaƙin ya sunkuyar da kai ya ce naira 280,000, har da abin da ya karɓa.

Alhaji ya ajiye bindigar. Ya ce, "Malam, katako ne fa. Ƙofar ɗakina ma ba a yi mini ita haka ba." Ya taya 100,000. Masassaƙin ya ce albarka. Dillali ya shiga tsakani yana wannan ya rage wancan ya ƙara, alhali shi ma yana jiran la'adarsa, wadda ba a taɓa faɗin a wuyan wa take ba. Aka tashi baram-baram. Masassaƙin ya bar bindigar, don ya ce ba zai riƙe makamin wani a kan bashi ba, kuma ya yi daidai.

Hujjar Alhaji ba ta banza ba ce. Ba a gaya masa ba. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da zai biya kafin a fara, kuma malamai sun daɗe suna faɗa mana cewa ijara sai an san lada. Wanda ya ce "ba za mu ɓata ba" ya buɗe ƙofar ɓatawa da hannunsa. Kunya ce ta sa shi, na sani, irin kunyar da talaka yake ji a gaban mai hali, da kuma fatan cewa idan babban mutum ya ga kyan aiki zai yi abin da ya fi ciniki. Wani lokaci hakan yana faruwa. Sau da yawa ba ya faruwa.

Amma a kan adadin kuɗin, ina tare da masassaƙin ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya ji naira 675,000 ya ce "ai kayan Turawa ne" shi ne ya ji 280,000 ya ce "katako ne fa." Ta farko inji ne ya fafe ta, ba a auna shi ba, ba a gama ta ba, ba ma za ta iso ba. Ta biyu an yi ta a kan kafaɗarsa. Abin da yake sa ƙota tsada a ko'ina a duniya shekarun da itace ya yi yana bushewa ne, da awannin gwani, da haɗarin cewa kuskure ɗaya zai jefar da duka. Mun yarda mu biya wannan idan da dala aka rubuta shi. Idan ɗan unguwarmu ne ya yi, sai mu auna katakon kawai, hannunsa kuma mu ɗauke shi kamar kyauta.

Zaman sulhu

Bayan sallar la'asar aka zauna a zauren Alhaji. Ɗansa ne ya kawo dabarar da ta warware abin. Ya ɗauko takarda da biro ya ce wa masassaƙin, "Baba, don Allah faɗa mini abin da ka kashe, ɗaya bayan ɗaya."

Da farko ya ƙi, yana ganin kamar ana tuhumarsa. Da aka lallashe shi ya fara. Itace, idan za a sayi irinsa busasshe a lokacin, 40,000. Mai da samfefa da gam da robar da aka sa a gindi don rage dukan kafaɗa, 25,000. La'adar dillali, wadda ashe shi aka ɗora wa, 20,000. Abin da ya rage 195,000. A ciki zai sallami yaronsa, ya ba mai iznin da yake aiki a ƙarƙashinsa nasa kason. Ɗan Alhaji ya raba ragowar gida biyu, ya juya takardar ya nuna wa mahaifinsa. Ya ce, "Abba, ka ga abin da ya samu a wata." Bai kai 100,000 ba tun kafin a cire na yaro. A shekarar ne aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a ƙasa, Kano kuma ta sa nata 71,000. Gwanin da ya shafe fiye da shekara 30 a sana'a ke nan, yana neman abin da bai fi na sabon ɗauka da wani abin kirki ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Malam, me ya hana ka faɗa mini haka tun farko?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da na faɗa da ba ka bari an fara ba."

Wannan amsar gaskiya ce, kuma ita ce ta fi damuna. Yana ɓoye farashi ne don ya san kasuwar ba ta saba jin kuɗin hannu ba. Yana ɓoyewa kuma kasuwar ba za ta taɓa sabawa ba.

An tsaya a 240,000, Alhaji ya ɗauki la'adar dillali a kansa. Idan aka lissafa, masassaƙin ya sauka da 20,000 ne kawai daga abin da zai shiga aljihunsa. Aka yi addu'a aka tashi.

Sauran kayan ba su ba da wahala ba. Ana buƙatar maratayi da jaka da ɗamarar harsashi. Na fata ƙirar Turai da ɗan ya gani a waya, idan aka haɗa su, sun tasar wa dala 300. Aka kai wa wani baduku a Ƙofar Wambai, wannan karon aka yanke farashi a gaban shaida kafin ya yanka fata, ya faɗi na fata daban, na ɗinki daban. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba, ba a kuma yi ko musu ba. Garin da masana'antun Challawa da Sharaɗa suke jeme fata suna turawa Italiya da Sifen bai kamata ya rasa mai ɗinka maratayi ba, kuma bai rasa ba.

Halin da ake ciki

Masu kawo wa masassaƙin aiki suna raguwa. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan bindigogi, saboda haka masu takarda su ne dai tsofaffin, kuma suna tsufa. Tun bayan kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, akasarinsu 'yan jihar Kano, mafarauta da yawa suna tsoron bin hanya da bindiga ko da ta toka ce. Waɗanda ba su da takarda suna zuwa, wasu da kuɗi mai tsoka, yana mai da su. Wannan ƙin karɓa ma wani kuɗi ne da yake asara wanda ba ya fitowa a lissafin kowa, kuma jama'ar gari ne suke cin moriyarsa.

Yaron da yake koya wa aiki ya bar shi ya kama tuƙin adaidaita sahu, ya ce can kullum ana ganin kuɗi.

Ɗan Alhaji ya saya masa littafi, ya ja masa layi uku: itace, kayan aiki, kuɗin hannu. Yanzu kafin ya taɓa ƙota sai ya cike su ya karanta wa mai ita. Daga cikin waɗanda suka zo bayan nan, wani ya ji ya amince, wani ya ji ya naɗe bindigarsa ya ce zai kai a ɗaure masa da waya da gam. Busasshiyar mansoniyar da ta rage masa ta ƙota biyu ce. Bai sayi sabuwa ya ajiye ba, don wadda aka saya bana sai bayan shekaru za ta yi aiki, shi kuma ya ce ba shi da rarar kuɗin da zai jingine a saman rufi.